Kafin Ka Ɗaure Jaka Zuwa Koyar da Turanci a Ƙetare

Ɗana, da ke 'yata, ku matso mu yi magana.

A 'yan shekarun nan da wuya wata ya shuɗe ban ga matashin da ya gama hidimar ƙasa ya zo mini da zancen nan ba: "Malam, an ce ana neman masu koyar da Turanci a Tailan da Biyetnam da Saudiyya, ina son in gwada sa'ata." Maganar tana yi mini daɗi. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma ni ma alli da allo ne suka fitar da ni daga gida suka nuna mini garuruwan da a da sai dai in gani a taswira. Sai dai in na ɗan tona, nakan tarar abin da ya tsuma yaron bidiyo ne a waya. Wani saurayi Ba'amurke ko wata 'yar Ingila, da safe an koyar awa uku, da rana an hau babur ana zaga gari, ƙarshen mako ana kwance a bakin teku da ruwan kwakwa a hannu. Ba ƙarya suke yi ba, haka rayuwar wasunsu take. Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne fasfon da ke aljihunsu. Nasu daban, naka daban, kuma daga nan hanyoyinku suka rabu.

Ɗauki Koriya ta Kudu, wadda matasa suka fi kwaɗayi saboda albashi da gidan kyauta. Bizar da take ba masu koyar da Turanci, wadda ake kira E-2, galibi an ware ta ne ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayilan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, Gana ma haka, duk da cewa da Turanci ka rubuta WAEC, da shi ka yi digiri. Chaina ma ta fi karkata ga waɗanda take ɗauka Turanci harshen uwarsu ne. A Tailan ƙofa a buɗe take, amma kai za a ce ka kawo sakamakon jarrabawar Turanci irin su TOEIC, abin da ba a tambayar ɗan Landan ko da bai taɓa riƙe alli ba. A makaranta guda, da aji iri guda, za ka iya tarar albashinsa ya yi wa naka nisa. Malamai 'yan Filifin, waɗanda suka cika makarantun Tailan, sun daɗe suna shan wannan. Japan ce ta ɗan sassauta: baya ga digiri, dokar bizar malamanta tana neman shaidar cewa ka yi aƙalla shekara 12 kana karatu da harshen da za ka koyar. Wannan sharaɗi ɗan Najeriya zai iya cikawa, in makarantun da ya yi sun rubuta masa wasiƙa.

Akwai kuma batun launin fata, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wasu makarantun kuɗi a Asiya hoto suke fara nema kafin takardu, don iyayen da ke biyan kuɗi sun sa a ransu cewa Turanci na gaske sai daga bakin farar fata. Za ka aika takardun neman aiki da yawa ka ji shiru. Ban faɗa maka haka don in sare maka gwiwa ba, na ga 'ya'yanmu da suka tsallake wannan suka zama shugabannin sashe a makarantun da aka fara yi musu kallon raini. Na faɗa ne don kada ka zubar da kuɗin gonar mahaifinka a bakin ƙofar da ke kulle. Duk ejan da ya ce zai samo maka aikin koyarwa a Koriya da koren fasfo in ka ba shi miliyan kaza, ko dai bai san dokar ba, ko kuma ya san kai ba ka sani ba.

Tun da fasfo ba zai tsaya maka ba, abin da ya rage ya tsaya maka shi ne iya aikin. A nan ne na fi ganin yaranmu suna tuntuɓe, don sun ɗauka wanda ya iya Turanci ya iya koyar da shi. Na taɓa zama cikin masu tantance sababbin malamai a wata makaranta a ƙasar Larabawa. Aka shigo da wani yaro ɗan ƙasarmu, mai ladabi, Turancinsa ba inda za ka kushe. Aka ba shi ɗan lokaci da yara 'yan aji uku ya yi darasin gwaji. Ya juya musu baya ya cika allo da ma'anar suna da aikatau da sifa, sannan ya juyo ya ce, kun gane? Yara suka gyaɗa kai. Ya ce to a kwafa. Shugabar sashen tana gefena da agogo a hannu, ba abin da take aunawa sai wanda ke magana a ajin, malam ko yara. Har ya gama babu yaron da ya haɗa jimla guda da bakinsa. Wadda ta biyo bayansa 'yar Filifin ce, ta shigo da jaka cike da lemo da ayaba na roba, ta mai da ajin kasuwa, ta raba yara masu saye da masu sayarwa. Kafin ka ce kwabo ɗakin ya kaure da ciniki cikin gurgun Turanci, ita kuwa tana zagawa tana gyara musu a hankali. Ita aka ɗauka.

Yaron bai yi laifi ba, yadda aka koya masa ya koyar. Haka aka yi da mu duka: a rubuta a allo, a kwafa, a haddace, a juye a jarrabawa. Amma iyayen da ke biyan kuɗi a Riyad ko Hanoi so suke ɗansu ya buɗe baki ya yi magana. Wannan sana'a ce da ake koyo a hannun masu ita. Shaidar da ta fi karɓuwa a duniya ita ce CELTA ta Kambirij: wajen awa 120, cikin mako huɗu zuwa biyar in ka duƙufa, kuma a ciki akwai awa shida da za ka koyar da ɗalibai na gaske, mai horarwa yana zaune a baya yana rubuta kurakuranka. Tana da tsada, ba shakka, amma yanzu ana iya yin ta ta intanet. Akwai kuma takardun da ake sayarwa a intanet kan kuɗin da bai kai na kaza biyu ba, a buga maka shaida cikin kwana uku. Araha ba ta ado. Duk kwas ɗin da babu wanda zai zauna ya kalli yadda kake koyarwa, takarda kawai ka saya. In digirinka ba na koyarwa ba ne, ka yi difloma ta koyarwa a nan gida, ka yi rajista da hukumar malamai ta TRCN, sannan ka koyar shekara biyu cur a makaranta ta gaske. In ka samu wadda ke bin manhajar Kambirij a Abuja ko Kaduna ko Kano, ka riƙe ta da kyau ko da albashin bai taka kara ya karya ba, don manyan makarantun ƙasa da ƙasa, inda kuɗin yake, wannan gogewar suke tambaya.

Kada kuma ka raina abin da kake da shi. Kai koyon Turanci ka yi, da gumi, ka san wuraren da yake da ƙaya. Ka san yadda Bahaushe ke fama da rarrabe p da f, don haka in ɗalibinka Balarabe ya mai da p ta koma b, ko Bajapane ya cakuɗa r da l, ka san abin da ke faruwa a bakinsa, ka kuma san maganin. Wanda aka haifa cikin harshen sau da yawa sai dai ya ce haka ake faɗa, ba zai iya gaya maka dalili ba. Sai dai ka fara gyara naka. Ɗauki muryarka a waya kana karatu, ka saurara ba tare da son kai ba. Ka rage sauri, ka fitar da ƙarshen kalmomi. Ba sai ka toshe hanci ka kwaikwayi 'yan fim ɗin Amurka ba, yara suna gane kwaikwayo nan take, kuma dariya za su yi.

Sai takardu. Wannan aiki ne mai gundura, shi ya sa ake barinsa sai jirgi ya kusa tashi. Yawancin ƙasashe ba za su karɓi digirinka haka kawai ba, sai an tantance shi a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, a wuce da shi Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, daga nan ofishin jakadancin ƙasar da za ka je ya buga nasa hatimin. Ga shaidar 'yan sanda ta cewa ba ka da tabon laifi, ga gwajin asibiti, ga katin rigakafin shawara. Amma kafin duk wannan, yau ɗin nan, ka baje takardunka a kan tabarma ka duba sunanka. Mu nan abin ya yi mana katutu: WAEC ta ce Mohammed, digiri ya ce Muhammad, fasfo ya sa sunan gari a ƙarshe, lambar zama ɗan ƙasa ta sa sunan kaka. Ranar haihuwa kuwa, an rage shekara biyu saboda hidimar ƙasa, an manta da ta firamare. A gida ana kau da kai. Jami'in shige da fice a Tokyo ko Bankok mutum biyu yake gani, kuma ba zai saurari bayani ba. Gyaran yakan ci watanni. Takardar jabu kuwa, ko wasiƙar gogewar aikin da ba ka yi ba, kada ma ka soma. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma in ya rufta ba kai kaɗai yake binnewa ba, duk ɗan ƙasarku da zai nemi aiki a makarantar nan bayanka ya shiga uku.

Yanzu ga maganar da na fi so ta zauna maka. Za a ce maka, "Ka shigo da bizar yawon buɗe ido, in ka iso za mu canja maka." Wani lokaci makarantar gaske ce ke faɗin haka don ragwanci, kuma wasu sun yi sun tsira. Amma ka sani, daga ranar da ka tsaya gaban aji ba tare da izinin aiki ba, ka zama mai laifi, kuma wanda ya ɗauke ka ya san haka. In ya hana ka albashi, wa za ka kai wa ƙara? A Chaina bizar aiki ita ce Z, a Tailan ana kiran ta Non-B, kuma bayanta akwai takardar izinin aiki daban. A Tailan ɗin, duk kwanan da ka ƙara bayan wa'adinka tarar bat 500 ce har zuwa 20,000, kuma in kama ka aka yi kafin ka kai kanka, tsarewa ce, da tasa ƙeya, da haramcin shiga na shekaru. Mu da muka san labarin 'yan'uwanmu da ke shiga Saudiyya da bizar Umara su maƙale, suna ɓuya in sun hango mota mai jiniya, ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani.

Wannan ma mai sauƙi ne in aka kwatanta da tarkon masu safarar mutane. A watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 120,000 a Miyanma da wajen 100,000 a Kambodiya ana tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Da yawansu da ƙafarsu suka je, bayan sun ga tallar aiki a Facebook ko Telegram: koyar da Turanci, fassara, amsa wayar abokan ciniki. Mai iya Turanci ake nema musamman, don Turawa za a damfara. Mutum ya sauka a Bankok, mota mai kyau ta ɗauke shi, ya ga tafiya ta ƙi ƙarewa, sai ga shi a Mae Sot a bakin iyaka. Da dare a tsallaka da shi kogin Moei zuwa yankin Myawaddy, a karɓe fasfo da waya, a rufe ƙofa. Wanda bai kawo kuɗin da aka yanka masa ba, duka da horon yunwa. A watan Fabrairun 2025, bayan Tailan ta yanke wa yankin lantarki da mai, an fito da dubban mutane daga gidajen damfarar nan, cikinsu har da 'yan Afirka masu yawa. Alamun tarkon kusan iri ɗaya ne kullum: albashi mai tsoka, tikitin jirgi kyauta, babu intabiyu ta gaske, babu mai tambayar takardunka, kuma ana ta azalzalarka ka taho cikin mako. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Makarantar gaske tana da adireshi da lambar waya da za ka nemo da kanka, ba wadda ejan ya ba ka ba. Ka kira ka tambaya ko sun san da kai. Ka ce a haɗa ka da malami baƙo da ke aiki a can yanzu, ku yi magana ta bidiyo, ka tambaye shi ranar da aka biya shi albashin watan jiya. In ejan a Najeriya yake, ya nuna lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago. In ka ji ƙanshin safarar mutane, hukumar NAPTIP don haka aka kafa ta.

In Allah ya sa aikin na gaske ne, kwantiragi za a turo. Ka karanta shi kamar yadda mai sayen gona ke zaga iyaka da ƙafarsa. Awa nawa za ka tsaya a aji, awa nawa za ka zauna a ofis? Ana biya lokacin hutu, ko watanni goma kawai ake lissafawa? Wa zai biya gida, da inshorar lafiya, da kuɗin biza, da tikitin dawowa? In ka ajiye aiki kafin wa'adi, me za a cire? A Saudiyya in an samu saɓani tsakanin rubutun Turanci da na Larabci, na Larabci kotu ke bi, don haka ka nemi wanda ya iya ya karanta maka, Allah ya sa ba mu rasa su ba. Zamanka a can yana rataye da iƙama, wato takardar izinin zama, da kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki. Tun watan Maris na 2021 an sassauta, ma'aikacin kamfani yana iya canja wurin aiki bayan shekara guda ko ya nemi izinin fita ba sai kafili ya yarda ba, amma sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba. Shi ya sa dole ka duba sana'ar da aka rubuta a bizarka. In an rubuta direba alhali an ce maka malami, direba ne kai a idon hukuma. Kuɗin sallama rabin albashin wata ne kan kowace shekara a biyar ɗin farko, amma in kai ka ajiye aiki kafin shekara biyu, ba ka da ko sisi. Fasfonka kuwa a hannunka zai kwana. Riƙe fasfon ma'aikaci ya saɓa wa dokar Saudiyya ita kanta, duk da cewa ana yi. In an karɓa don buga iƙama, ka karɓi rasit, ka kuma bi sawu.

'Yata, duk abin da na faɗa ya shafe ki, da ƙari. An sha ɗaukar 'yan mata da sunan koyar da yara Turanci a gida, su isa su tarar wanke-wanke da shara ne, ƙofa a kulle. Aikin da za ki kwana a gidan mai ɗaukarki, ki yi masa kallo biyu. Ki nemi makaranta mai ginin da kowa ya sani, da masaukin malamai mata, ki kuma ga hotonsa kafin ki tashi. Ki tafi da yardar iyaye ko ta maigida, ba don al'ada kaɗai ba, don ranar da abu ya ɓaci su ne za su tsaya a ƙofar ofisoshin Abuja. Na ga mata 'yan Arewa da suka yi fice a makarantun 'yan mata na ƙasashen Larabawa, inda hijabinsu da ɗan Larabcin Islamiyya suka zame musu jari.

Batun kuɗi, kuskuren farko shi ne juya albashi zuwa naira tun kana gida, ka ji kanka ya yi girma. Ba a Kano za ka ci abinci ba. Ka fara cire haya, da mota, da haraji, da abinci a farashin can, abin da ya saura shi ne albashinka. Ka kuma sani albashin farko yakan zo bayan wata guda ko fiye, alhali mai gida yana son kuɗin ajiya tun ranar farko. A Japan har akwai wani kuɗin godiya da ake ba mai gida wanda ba a mayarwa. Ka tafi da guzurin wata biyu. Sannan ka ware kuɗin tikitin dawowa a wurin da hannunka kaɗai ke kaiwa, kada ka taɓa shi ko da bikin ƙanwarka ne. Dalilina shi ne abin da muka gani da idonmu. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Gwangzu suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Chaina ya nuna masa bidiyon. A watan Yulin 2021 gwamnatin Chaina ta hana kasuwancin darasin bayan makaranta a manyan darussa, cibiyoyi suka rufe, malamai suka wayi gari babu aiki. Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza daga ƙarshen 2022 har zuwa Yulin 2024. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, 'ya'yanmu ɗalibai suka yi kwanaki a yashe a iyakar Masar kafin a kwaso su. Babu wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan tafe. Waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu kuɗi a hannu, da fasfo mai sauran wa'adi, da suna a rajistar ofishin jakadancinmu. Ka yi rajistar a makon farko, ka kuma ajiye hoton duk takardunka a imel.

Gida kuma za su kira. Kowa ya ji kana waje ya ɗauka dala kake shara. Taimakon iyaye wajibi ne, kuma albarkarsa ce za ta riƙe ka, amma ka yanka abin da za ka iya duk wata ka tsaya a kai, ka gaya musu gaskiyar albashinka tun farko. Wanda ya fara da burga, da burga za a auna shi har ya dawo. Ka yi tunani kan kuɗin da kake tarawa ma: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya riƙa juye duk ajiyarsa zuwa naira yana jibgewa a banki ya ga yadda guminsa ya narke. In kuwa gini za a yi maka, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, takardar fili ta fito da sunanka, kuma wani na daban ya riƙa zuwa yana gani. Zumunci da yawa ya mutu a kan hoton ginin da ba na mai shi ba.

Zaman kansa, abin da ba a faɗa shi ne kaɗaici. Watan farko komai sabo ne. Wajen wata na uku, ranar da ka dawo ɗaki ka rufe ƙofa, babu mai sallama, babu ƙanshin daddawa, ka ji azumi ya kama kana buɗa-baki kai kaɗai da burodi, ranar za ka san ka yi nisa. Maganinsa mutane. Nemi masallaci tun makon farko, Bankok tana da su da yawa, Tokyo ma akwai. Ka yi maganar sallar Juma'a da shugaban makaranta kafin a fitar da jadawali, ba bayan an fitar ba. A makarantun gwamnatin Japan malami yakan ci abincin rana tare da yara, kuma naman alade yana yawan shiga, don haka ka yi bayani da wuri cikin ladabi ka riƙa zuwa da naka. Ka koyi harshen gari ko da na gaisuwa da ciniki ne. Abin kunya ne mai koyar da harshe ya shekara uku a wuri bai iya ce wa mai gadi ina kwana ba.

An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ban ce ka ajiye addininka ba, amma dokar gari da ladabinsa ka bi su sau da ƙafa. A Tailan taɓa martabar sarki laifi ne na ɗaurin shekara 3 zuwa 15, ko da a Facebook ka rubuta. A ƙasashen Larabawa na Gulf ma rubutun waya yana kai mutum kurkuku. Siyasar masu gida ba taka ba ce. A aji kuwa, ka bar bulala a gida, har da daka tsawa da ranƙwashi. Kada ka keɓe da yaro a ɗaki a rufe, kada ka sa hoton ɗalibai a shafinka. Abin da a nan za a ce malam ya yi horo, a can kora ce, wani lokaci har da 'yan sanda. Kuma kada ka ɗaukar wa kowa saƙo a filin jirgi, ko tsohuwa ce ta haɗa ka da Allah. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya da ta je Umara saboda jakar ƙwaya da aka maƙala wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba, sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Singafo ta rataye wani matashi ɗan Najeriya a 2007 kan ƙwaya. Ko maganin asibiti irin su tiramadol, in babu takardar likita, yana iya jefa ka cikin bala'i a ƙasashen Larabawa, goro ma Saudiyya ta hana shiga da shi.

Yawo kuwa, ka yi. Kada ka shekara biyu tsakanin ɗaki da aji da kantin sayayya, ka dawo ba ka san komai ba sai farashin waya. Sai dai abokan aikinka Turawa za su ce gobe mu tsallaka ƙasa kaza, su sayi tikiti da dare su tafi, kai kuwa sai ka nemi biza da makonni. Kada ka ji haushi, ƙasar da kake ciki ma ba ka gama ganinta ba. Hau jirgin ƙasa ka je tsohon birnin Ayutthaya, ko Hiroshima, ko ka hau dutsen Ɗa'ifa lokacin zafi. In ɗalibi babba ya gayyace ka ƙauyensu biki, ka je, a nan ake ganin mutane. In za ka fita Tailan ko na kwana biyu ne, ka karɓi izinin sake shiga kafin ka tashi, in ba haka ba izinin zamanka ya mutu a bakin iyaka. Hotunan da za ka turo gida kuma ka haɗa su da gaskiya, don ƙanenka yana kallo, kuma da su zai yanke shawara.

Ban ga dalilin da zai sa ƙetare ta zama sai Asiya ko Turai ba. Tun 1987, zamanin Janar Babangida, Najeriya take da shirin TAC da ke tura malamai da likitoci da injiniyoyi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik, da sunan gwamnati, da kariyarta. Ruwanda ta koma koyarwa da Turanci tun 2008. Aljeriya ta shigar da shi firamare a 2022. Nijar, a kundin da ta fitar a 2025, ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta sa Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Malamin da ya iya Hausa da Turanci, ya ƙara da ɗan Faransanci, yana da abin sayarwa a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Njamena, inda babu mai tambayarsa launin fata, kuma in an yi rasuwa a gida mota za ta kawo shi. Kuɗin bai kai na Gulf ba, amma shekara biyu a can suna cika takardar gogewa da za ta buɗe ƙofa ta gaba.

Ka sa wa tafiyar wa'adi da manufa tun kafin ka tashi: jari kaza, ko digiri na biyu, ko babbar shaidar koyarwa ta DELTA. Na san waɗanda suka je shekara biyu suka yi goma sha biyar a aji guda, albashi guda, ba su ƙara ko takarda ɗaya ba, har makarantar ta samu yaro mai araha ta sallame su. Duk ƙasar da za ka bari, ka rabu da makarantar lafiya, ka ba da sanarwa yadda kwantiragi ya ce. Ka karɓi wasiƙar shaidar aiki mai hatimi da kwanan wata, wadda ta faɗi ajin da ka koyar da tsawon zamanka. Ka karɓi shaidar 'yan sandan ƙasar tun kana ciki, don makaranta ta gaba za ta tambaya, kuma nemanta daga nesa wahala ce. Ka biya harajin da ya rage, ka tabbata an soke izinin aikinka a hukumance, sannan ka rufe asusun banki bayan kuɗin sallama ya shiga.